Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Girma Ministan Harkokin Teku Da Tattalin Arzikin Ruwa: A Koya Wa Yaranmu Turancin Aikin Jirgi



Mai girma Minista, Allah ya taya ka riƙon wannan amana. Ma'aikatarka jaririya ce, a shekarar 2023 aka yanke ta daga jikin Ma'aikatar Sufuri, amma kayan da aka ɗora mata na manya ne: gaɓar teku mai tsawon fiye da kilomita 850, da tashoshin Apapa da Tin Can da Lekki da Onne da Fatakwal da Warri da Kalaba, da kogunan cikin ƙasa, da kuma mutanen da za su yi aiki a kansu. A kan mutanen nan nake son magana.

Ranka ya daɗe, ni tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, ɗan Arewa, wanda ya ci ƙuruciyarsa a ɗakin tuƙi. Tun da na ajiye aiki, samarinmu da suka karanci aikin jirgi suke zuwa wurina neman shawara, wasu iyayensu ne ke turo su. Abin da nake gani a wurinsu na kai kukansa duk inda ƙafata za ta iya kaiwa. Na yi magana da malamai a wasu makarantun, na zauna da jami'an tallafin karatu na wasu jihohi, na tuntuɓi wakilan kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata. Babu wanda ya musa. Kowa sai ya ce gaskiya ne, sannan ya nuna na gaba da shi. Shi ya sa na fito fili. Da gangan kuma na rubuta da Hausa, domin iyayen da suka sayar da gona ko saniya suka tura ɗansu karatun teku su ma su ji, kuma na san ba za a rasa mai karanta maka a ofis ba.

Maganar ita ce: muna yaye matasa ɗauke da takardun shaida, amma da yawansu ba sa iya ji ko mayar da magana da Turancin da ake aiki da shi a cikin jirgi. Wannan rashi yana hana su aiki, kuma wanda ya samu aikin yana iya jefa ransa da na abokan tafiyarsa cikin halaka.

Ka fi ni sanin cewa wannan harshe dole ne bisa doka. Tun 1973 kwamitin kiyaye haɗura na Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wato IMO, ya amince cewa inda harsuna suka bambanta, Turanci za a yi amfani da shi. A 1977 aka fitar da ƙaramin kundin kalmomin tuƙi, sannan a watan Nuwamban 2001 babban taron hukumar ya maye gurbinsa da kundin jimloli da aka fi sani da SMCP. Yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda aka yi wa gyara a 1995 da kuma a Manila a 2010, ta wajabta wa duk jami'in da zai riƙe gadin tuƙi a jirgi mai girman tan 500 ko fiye ya iya amfani da waɗannan jimloli. Ta wajabta wa injiniyan jirgi ya iya Turanci a rubuce da a baka. Ko ƙaramin ma'aikacin da ke riƙe da sitiyari, ta ce sai ya iya bin umarnin tuƙi da Turanci. Yarjejeniyar SOLAS kuma ta ce kowane jirgi ya tsayar da harshen aikinsa ya rubuta a littafin jirgi, kuma magana tsakanin jirgi da jirgi, ko jirgi da tudu, ko kyaftin da jagoran shiga tasha, da Turanci za a yi ta in dai ba dukansu suna da wani harshe ɗaya ba. Nijeriya ta sa hannu a kan duk waɗannan.

Da rayukan mutane aka sayi waɗannan dokoki. A daren 7 ga Afrilun 1990 wuta ta kama jirgin fasinja mai suna Scandinavian Star a hanyarsa daga Oslo ta ƙasar Norway zuwa Denmark, mutum 159 suka rasa rayukansu. Bincike ya gano cewa ma'aikatan sababbin ɗauka ne, da yawansu 'yan Fotugal, ba su yi atisayen gobara tare ba, kuma da yawa ba sa iya magana da fasinjoji da Turanci ko harsunan yankin. Mutane na shaƙe hayaƙi a lungunan ɗakunan kwana, waɗanda ya kamata su nuna musu ƙofa kuwa ba su da bakin faɗa. A watan Nuwamban 2007 kuma, jirgin kwantena mai suna Cosco Busan ya gogi ginshiƙin gadar San Francisco a Amurka cikin hazo, man jirgi fiye da galan 53,000 ya malale cikin ruwa. Jagoran tashar yana da nasa laifin, domin an gano magungunan da yake sha sun taɓa tunaninsa. Amma ya tambayi kyaftin, wanda ɗan ƙasar Sin ne, ma'anar wasu jajayen alamomi a taswirar kwamfuta, kyaftin ya ba shi guntuwar amsa, shi kuma ya fahimce ta a kan cewa nan ne tsakiyar mashiga, alhali alamomin na nuna inda ginshiƙin yake. Masu bincike sun lissafa rashin fahimtar juna tsakanin mutanen nan biyu cikin musabbaban haɗarin.

Saboda irin wannan ne aka tsuke Turancin teku aka mayar da shi tsararre. An hana kalmomin wataƙila da mai yiwuwa, domin mai sauraro ba zai san izini ake ba shi ko zato ake yi ba. An ware alamomi takwas da mai magana zai iya sa wa saƙonsa a gaba: umarni, shawara, gargaɗi, bayani, tambaya, amsa, roƙo, da niyya. Lamba ɗaya bayan ɗaya ake kiranta, 150 sai a ce ɗaya, biyar, sifiri. Wanda aka tambaya ba ya cewa i ko a'a ya yi shiru, sai ya cika jimlar. Wanda ya yi kuskure akwai kalmar da zai faɗa kafin ya gyara. Kiran neman agaji hawa-hawa ne, na halaka daban, na gaggawa daban, na sanarwar kiyaye haɗari daban. Duk wannan abin koyo ne, kuma yaro mai matsakaicin ƙoƙari zai iya shi in an koya masa yadda ya kamata.

Kukana na farko, Yallaɓai, shi ne yadda muke ɗaukar kiredit ɗin Turanci na sakandare a matsayin shaidar cewa yaro ya iya harshen. Jarrabawar WAEC tana da takardar furuci, amma a ƙasar nan da fensir ake amsa ta: yaro ya zaɓi A ko B ko C, bai buɗe baki ba, bai kuma saurari kowa ba. Yaron da ya taso a Gumel ko Argungu ko Azare, Hausa yake yi a gida da kasuwa da filin ƙwallo, sau da yawa ma malamin Turancinsa da Hausa yake yi masa bayani. Zai iya rubuta insha'i mai kyau, ya ci lissafi da kimiyya, ya shiga makarantar aikin jirgi da cancanta. Can ma sai ya tarar da darasin Turanci na allo da littafi, ya haddace jimlolin SMCP, ya zuba su a takarda, ya ci. Ranar da aka miƙa masa oba-oba ne kowa zai gane cewa kunnensa bai taɓa samun horo ba. Takwaransa na Kudu yana da ɗan sauƙi saboda ya saba da Turancin buroka kuma ba ya jin nauyin magana, amma shi ma ba tsira ya yi ba, domin kyaftin ɗan Girka ko ɗan Yukiren ba ya jin buroka.

Kunnen nan shi ne rabin aikin. Mafi yawan masu magana da Turanci a teku ba Turawan Ingila ba ne. Akwai ɗan Filifin da ɗan Indiya da ɗan Rasha da ɗan Sin da ɗan Turkiyya, kowa da karin harshensa. Duk wanda ya taɓa kwana a gadi a wajen Legas, inda jirage ke zube da anga suna jiran shiga, ya san yadda rediyon VHF yake: ƙara, da katsewa, da mutum uku suna magana lokaci guda a layi na 16 wanda aka keɓe don kira da neman agaji. In hunturu ya shigo, hazo ya rufe, jirgin da ke tunkaro ka ɗigo ne kawai a rada da murya a rediyo. Dokokin kauce wa karo su ne gaba, amma idan muryar ta faɗi niyyarta ba ka fahimta ba, 'yan mintuna ne tsakaninka da masifa. Masu iya magana sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ina makarantar da ta ware sa'o'i a kowane mako don yaro ya zauna ya saurari irin waɗannan muryoyi har kunnensa ya saba?

Akwai kuma abin da ya shafe mu, mu Hausawa, wanda ban ga wani manhaji ya kula da shi ba. Harshenmu ba ya raba sautin fa da na pa yadda Turanci ya raba su, ga shi kuwa sunan hagun jirgi, da na famfo, da na jagoran tasha, da na matsin iska ko mai, duk da wannan sauti suke farawa. Sha biyar da hamsin a Turanci ƙiris ne tsakaninsu a kunnen da bai saba ba. Wannan ƙaramin gyara ne, malamin da ya san harsunan biyu zai magance shi cikin 'yan makonni.

Babban gyaran yana wajen tarbiyya, kuma a nan nake roƙon ka ba ni hankalinka. Mun rene 'ya'yanmu a kan kunya da ladabi. Babba ba ya magana yaro ya sa shi ya maimaita. In an aiki yaro sai ya ce to, ya sunkuyar da kai, in bai gane ba ya je ya tambayi wani a gefe. Wannan ɗabi'a ado ce a gida, kuma ba na so a taɓa ta a can. A jirgi kuwa doka ta juya. In jami'i ya ce a karkata sitiyari digiri goma zuwa hagu, mai riƙe da shi zai maimaita umarnin da ƙarfi kalma da kalma, ya aikata, sannan ya sake sanarwa cewa ya aikata. In bai ji ba, wajibinsa ne ya ce a sake faɗa, ko da kyaftin ne, ko da sau uku ne. In ya ga jagoran tasha yana kai jirgi inda ruwa ba zurfi, ana sa ran ya buɗe baki, ko da shi ne ƙarami a ɗakin. Na sha ganin yaro mai hankali da riƙon amana ya ce "to, Yallaɓai" alhali bai gane komai ba, ba don wauta ba, sai don yana ganin tambaya raini ce. Turawa da 'yan Asiya da ke shugabantarsa ba su san wannan ba. Su dai sun ga ya amsa kuma bai yi ba, sai su rubuta cewa ba abin dogaro ba ne, kwantiraginsa na farko ya zama na ƙarshe. Dole a sami malamin da zai zaunar da yaron nan ya gaya masa a fili cewa a cikin jirgi maimaita maganar babba shi ne ladabi, sannan ya sa shi ya yi ta yi a aji har nauyin bakin ya tafi.

Wannan ya kawo ni ga batun malamai. Abin da na fi gani iri biyu ne. Akwai mai digirin Turanci wanda bai taɓa taka jirgi ba, bai san bambancin igiyar gaba da ta baya ba, sai ya koyar da nahawu da rubutun wasiƙa. Akwai tsohon kyaftin wanda ya san aikin ciki da bai, amma ba a taɓa koya masa yadda ake koyar da harshe ba. Ban ɗora wa ko ɗayansu laifi ba. Hukumar IMO tana da tsararren kwas na koyar da Turancin teku mai lamba 3.17, kuma hanyar da ya ginu a kai ita ce ɗalibi ya yi ta magana. Abin da ya rage shi ne a haɗa malaman nan biyu a aji ɗaya, a horar da su, a kuma shigar da darasin cikin ɗakin na'urar kwaikwayon tuƙi, inda yaro zai riƙa lura da rada yana amsa rediyo a lokaci guda.

Ƙananan ma'aikata kuwa, da masu aikin ɗakin inji, da masu dafa abinci, kusan an manta da su. Su ne ke tsaye kusa da igiyar ɗaure jirgi wadda in ta tsinke take kashe mutum nan take. Su ne ke shiga tankunan da iskar numfashi ta ƙare a ciki. Takardar izinin shiga, da gargaɗin da ke jikin durom ɗin sinadari, da jadawalin inda kowa zai tsaya in an buga ƙararrawa, duk da Turanci suke. Sufetocin tashoshin ƙasashen waje suna da ikon sa a yi atisayen gobara a gabansu, in suka ga ma'aikata ba sa fahimtar juna su tsare jirgin. Mai jirgi ya san wannan, shi ya sa ba ya ɗaukar wanda yake shakkar bakinsa.

Mai girma Minista, ga asarar da muke tafkawa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta teku suke bi. Rahoton da ƙungiyoyin masu jirage na BIMCO da ICS suka fitar a 2021 ya ce akwai ma'aikatan jirgi kimanin miliyan 1.89 a duniya, kuma akwai giɓin jami'ai fiye da 26,000. Ƙasar Filifin ce kan gaba wajen samar da ma'aikata, kuma kowa a harkar nan ya san Turancin mutanenta na cikin abin da ya buɗe musu ƙofa. Mu da Turanci ne harshen gwamnatinmu, bai kamata a bar mu a baya a nan ba. Tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wato NNSL, a 1995, ɗalibanmu suka rasa jiragen gida da za su yi watanni 12 na horon teku da doka ta tanada kafin a ba su shaidar ƙwarewa. Dole su nema a jiragen baƙi. Baƙin nan kuwa kafin su duba takarda sai sun yi hira da yaro ta bidiyo, da yawa kuma sai ya ci gwajin Turanci irin na Marlins, wanda ke da sashen sauraro. Nan ne yaranmu ke zubewa. Dokar 2003 da ta keɓe sufurin gaɓar ƙasa ga 'yan ƙasa, da shirin NSDP da hukumar NIMASA ta fara a 2008 don tura matasa karatun jirgi a ƙasashen waje, da makarantar aikin jirgi ta Oron, da jami'ar harkokin teku ta Okerenkoko, duk ƙoƙari ne da ya cancanci yabo kuma an kashe dukiya a kansu. Abin takaici ne a ce yaro ya haye duk waɗannan matakai, hirar minti goma ta dawo da shi gida yana sayar da katin waya.

Ga kuma batun tsaro. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. An samu sauƙi sosai bayan dokar yaƙi da fashin teku ta 2019 da shirin Deep Blue na 2021, kuma mun gode. Amma Legas ce mazaunin cibiyar daidaita ayyukan ceto ta wannan yanki. Wanda ke kiran agaji da wanda ke amsa masa, dukansu biyu sai sun iya faɗin matsayin jirgi, da irin haɗarin, da yawan mutanen da ke ciki, a sarari cikin daƙiƙoƙi, zuciya na bugawa.

Kada wani ya ɗauka ina kiran a yi watsi da harshen gida. Hausa ce ma za ta gaggauta koyon. Yaron da aka fara yi wa bayanin sassan jirgi da dalilin kowace doka da harshen da yake tunani da shi, ya fi saurin riƙe Turancin. Kada kuma a ce Arewa ba ta da teku, saboda haka ba ruwanta. Kayan da ke sauka a tashoshin tudu na Kaduna da Dala ta teku suka zo, tashar Baro tana bakin kogin Neja, kuma jihohinmu na cikin masu kashe kuɗin jama'a wajen tura yara wannan karatu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo cikin girmamawa.

Ina roƙon ka umarci hukumar da ke ba da shaidar ƙwarewa ta tsayar da gwajin Turancin teku na baka da na sauraro mai zaman kansa, a kan ma'auni ɗaya ga kowace makaranta da ta amince da ita, ta gwamnati ko ta kuɗi, kuma a yi shi ta rediyo da muryoyin ƙasashe daban-daban. Kada gwajin ya zo shi kaɗai, domin zai zama wani sabon shinge ga ɗan talaka. A haɗa shi da kwas na share fage na 'yan watanni, kyauta ko da rangwame, ga duk wanda aka zaɓa, tun kafin ya fara karatun. Ba a fafe gora ranar tafiya. Irin wannan kwas ba ya buƙatar teku, ɗaki da rediyo da malami ne kawai, don haka ana iya yin sa a Arewa. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya tana nan, in ma'aikatarka ta haɗa hannu da ta Sufuri.

Ina roƙon a ware kuɗi don horar da malaman Turancin teku bisa kwas ɗin IMO, a kuma jawo tsofaffin jami'an jirgi da ke zaune a gida su riƙa shiga aji tare da su. Muna da yawa, kuma da yawanmu ba za mu tsawwala ba.

Ina roƙon a sa masana harshe na jami'o'inmu su zauna da ma'aikatan jirgi su shirya ɗan littafi da sautukan da za a iya saukewa a waya, masu ɗauke da jimlolin SMCP da bayaninsu da Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran manyan harsunanmu, a raba kyauta, har ga ƙananan ma'aikata.

A ƙarshe ina roƙon a bi sawun waɗanda suka riga suka kammala karatu suna zaune babu jirgi. A kira su, a gwada su, wanda aka ga harshe ne ya tsayar da shi a ba shi horon gaggawa sannan a sake gabatar da shi ga kamfanoni. In ka ga dama ka sa a tara mana wasu daga cikinsu a gabanka, a kunna rediyo, ka ji da kunnenka. Ni da 'yan'uwana tsofaffin ma'aikata a shirye muke mu zo duk ranar da aka kira mu.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare dukkan matafiya a kan ruwa.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa,
Apapa, Legas.